Ra'ayina kan sabis ɗin injiniyoyin tudu masu taimaka wa jirgi daga nesa, bayan injinmu ya tsaya a tsakiyar teku

Na jima ina son rubuta wannan bitar, don abokan aiki da dama sun tambayeni wai wannan sabis ɗin da kamfanonin jiragen ruwa suke yi wa rijista yanzu, wanda idan inji ya samu matsala a teku zaka kira wasu injiniyoyi dake zaune a tudu awa 24 su duba hotuna da bayanan inji su baka shawara, shin yana da amfani ko kuwa wata hanyar ce kawai da ofis zai sa mana ido. Toh ni dai gani ya kori ji, na yi amfani dashi a ranar da ido ya raina fata. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, amma zan faɗi abinda na gani, mai daɗi da mara daɗi.

Ni sakan injiniya ne, wato mataimakin babban injiniyan jirgi. Jirgin da nake kai a lokacin na dakon kayan zube ne, tsawonsa mita 229, mun yi lodi a Santos ta Barazil zamu Sin ta ƙasan Afirka. Wanda ya taɓa bin hanyar nan ya sani, daga Santos zuwa Kef Tawun tafiyar sama da mil 3,000 ce ta ruwa kuma babu inda zaka raɓa, tsibirin Tiristan da Kunya ne kawai a can kudu, shima ba filin jirgin sama gareshi ba balle tashar da zata ɗauki jirgi irin namu. Injin kuma guda ɗaya ne tal, mai silinda shida, faɗin kowace silinda santimita 60, fistin yana hawa da sauka sama da mita 2, kuma haɗe yake kai tsaye da farfela babu giya a tsakani. In ya tsaya jirgi ya tsaya, shikenan.

Kwananmu shida da tashi, wajen ƙarfe biyu na dare, alam ya buga a ɗakina don nine ke duti. Kafin in gama zura takalmi naji inji ya rage gudu da kansa. Ina sauka na tarar zafin akwatin iska na ƙarƙashin silinda ta huɗu ya yi sama, fentin murfin wajen har ya fara tashi yana wari, tobo kuma, wato na'urar dake hura wa injin iska, sai wani irin haushi yake yi. Wuta ce ta kama a cikin sikabenj, wato wannan akwatin iskar. Cif, wato babban injiniyanmu, ya iso, muka datse wa silindar mai, muka ƙara mata man shafawa, muka rage gudu zuwa ƙasa sosai, da ikon Allah wutar ta ci dattin da zata ci ta mutu bata kai ga sai mun sakar mata tururi ba. Daga nan kyaftin ya bada izini muka kashe inji.

Wanda bai taɓa zama a jirgi ba bazai gane shirun nan ba. Wata da watanni jikinka ya saba da bugun inji, a gado kana jinsa, a ƙafarka kana jinsa, har ka daina lura dashi, rana ɗaya ya ɗauke. Babu wanda aka tasa amma kowa ya farka. Janareto yana aiki, wuta bata ɗauke ba Alhamdulillah, amma jirgin da bashi da gudu baya jin sitiyari, a hankali ya juya ya baiwa igiyar ruwa haƙarƙarinsa ya fara tangaɗi, digiri 20 dama 20 hagu, wani zubin ya wuce. A sama kyaftin ya sa aka kunna jajayen fitilu biyu ɗaya bisa ɗaya kamar yadda doka ta 27 ta dokokin kauce wa karo na 1972 ta tanada ga jirgin da ya fita daga ikon matuƙinsa, da gari ya waye aka rataye baƙaƙen ƙwallaye biyu. Ko da yake babu wani jirgi a kusa da zai gansu ma, allon rada fayau yake.

Da wajen ya huce muka buɗe, na shiga da tocila na leƙa ta ramukan iska. Ringi biyu na sama dake zagaye da fistin sun karye, na ukun ya manne a raminsa, jikin laina wato silif ɗin da fistin ke zirga-zirga a ciki duk ya yi zane-zane daga sama zuwa ƙasa kamar an bishi da ƙusa. Na tsinci guntun ringi a ƙasan akwatin, bai fi tsawon ɗan yatsana ba, gefensa ya yi kaifi kamar reza. Na fito na miƙa wa cif, ya juya shi a tafin hannunsa bai ce komai ba, sai yace Sakan kira mutanen nan.

Toh anan bitar ta fara, kuma da abin haushi ta fara.

Kiran farko wani matashi ne ya ɗauka, mai ladabi ne gaskiya, amma a bayyane yake takarda ce a gabansa yake karantawa. Lambar inji, lambar IMO ta jirgi wato lambar shaidarsa ta duniya, lambar kwantiragin sabis, awa nawa inji ya yi, sannan yace sai na cike fom a manhajarsu kafin a buɗe mana tikiti. Ina riƙe da waya da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe ƙarfe kar in faɗi, kujera tana yawo a kwanturol rum daga bango zuwa bango, ana ce min in cike fom. Lambar kwantiragin ma bata wajenmu sai da kyaftin ya tono ta a cikin tsohon imel. Wajen minti hamsin muka ɓata kafin a haɗamu da injiniya na gaske. Mu Allah ya taimakemu muna da filin ruwa, babu tudu kusa da iska zata turamu. Amma ku tuna jirgin fasinja Viking Sky a watan Maris na 2019 a gaɓar Norwe, injinansa suka mutu cikin guguwa saboda ƙarancin man shafawa a tankuna, da mutum 1,373 a ciki, saura ƙiris ya hau duwatsu. A irin wannan wajen minti hamsin ai rai ne. Wannan shine babban abinda zan rage musu maki akai, ya kamata ace da zarar mutum yace inji ya tsaya jirgi yana yawo, a tsallake fom a bashi injiniya, a cike takardu daga baya.

Amma da mutumin ya zo kan layi komai ya canza. Dattijo ne daga jin muryarsa, daga baya yake gaya mana ya yi shekaru yana cif a teku kafin ya koma tudu. Tambayarsa ta farko ba akan inji bace, cewa yayi akwai wanda ya ji ciwo? Ta biyu, jirgin yana tangaɗi digiri nawa, kuma daƙiƙa nawa tsakanin wannan da wancan? Tun daga nan hankalina ya fara kwanciya, don nasan wanda ya taɓa tsayawa a inda nake tsaye ne kawai zai fara da wannan.

Mu a lokacin niyyarmu mu cire fistin nan take, muna da sifeya a jirgi, ofis kuma sai aiko saƙo suke yaushe zaku tashi, masu hayar jirgin suna tambaya. Yace Cif, jirginka ne kai ke ganin abinda bana gani, amma da nine bazan rataye fistin a ƙugiya cikin wannan ruwan ba. Kuma gaskiyarsa ne, fistin da sandarsa ya haura tan ɗaya, murfin silinda shima haka, idan abu mai wannan nauyin ya fara lilo a ɗakin inji babu igiyar da zata riƙeshi kuma duk wanda ya tare ya gama yawo. Shawarar da ya bayar itace mu cire silinda ta huɗu daga aiki, a ɗage famfon manta a kulle, amma kar a taɓa ruwan sanyaya laina da man sanyaya fistin, bawul ɗin hayaƙi ya cigaba da aikinsa, mu tada inji da silinda biyar mu juya hancin jirgi ya fuskanci igiyar ruwa mu lallaɓa har teku ta lafa.

Wannan duk yana cikin manuwal, ban ce wani sabon ilimi ya kawo daga sama ba. Inda ya yi mana rana shine maganar gudu. Inji mai silinda shida idan ɗaya bata ƙona mai, bugunsa ya zama gurgu, shaf ɗin da ya tafi farfela yana murɗewa yana warwarewa, kuma akwai wani gudun da in ka zauna a cikinsa zaka iya tsaga shaf ko karankishaf ɗin kansa, sannan wajen haɗarin ba daidai yake da wanda aka yi wa jan fenti a agogon gudu ba, don wancan na silinda shida masu lafiya ne. Su suna da lissafin girgizar jirginmu tun daga lokacin da aka ƙera shi, cikin minti ashirin ya turo mana iyakar da bazamu wuce ba da inda zamu tsallake da sauri. Mu da sai mun yini muna tonon fayil kuma ba lallai mu samu ba. Ya kuma ce mu sa kunne a tobo, in ya fara haushi mu sassauta. Haka muka yi, inji ya tashi a bugu na biyu, ina kallon agogon iskar tayarwa yana sauka daga bar 30 gabana yana faɗuwa. Da hancin jirgi ya juya tangaɗin nan ya ragu, wallahi sai da naji ƙafafuna sun saki, na zauna a ƙasa.

Kwana biyu muka yi muna rarrafe a haka. A cikin kwana biyun nan ne naga ɗaya matsalar sabis ɗin, wato canjin duti. Dattijon ya tashi, wani ya karɓa, sai gashi yana tambayata daga farko, wace silinda ce, ka turo hoto, alhali hotuna sama da goma suna cikin tikitin. Ba wai bai san aiki ba, ya sani, amma bai karanta ba kafin ya kira, kuma lokacin da ya kira ɗin ban fi awa ɗaya da kwanciya ba bayan kusan awa ashirin a tsaye. Dokar hutun ma'aikatan jirgin ruwa ta MLC 2006 tace awa 10 cikin 24, awa 77 cikin kwana bakwai, kyaftin yana da ikon jingine ta idan jirgi yana cikin haɗari kuma ya jingine, amma ɗan barcin da mutum ya samu ai bai kamata a katse shi akan tambayar da amsarta take rubuce ba. Na gaya musu hakan a fili, kuma in faɗi gaskiya basu sake ba, daga baya sai su turo saƙo su tambaya ko a farke nake.

Sai maganar bidiyo kol da suke tallatawa, wai zasu ga abinda kake gani kai tsaye. A takarda yana da kyau. Intanet ɗin tauraron ɗan adam yanzu ya yi ƙarfi ba kamar da ba, amma wayfay ɗin jirgi iyakarsa ɗakunan kwana da kwanturol rum, kana sauka bene ɗaya cikin ƙarafan nan netwok ya ɗauke, ko da bai ɗauke ba ƙarar janareto bazata barka kaji ko kalma ɗaya ba. Ƙarshe hoto nake ɗauka in hau sama in tura in sauko, na yi wannan hawa da saukar ya fi sau talatin. Manhajar kuma tana matse hoto har zanen dake jikin laina ya ɓace, sai da muka koma turawa ta imel. Wannan rabin laifin na jirgi ne rabi nasu, amma duk mai shirin dogaro da bidiyon nan ya gwada shi a ƙasan ɗakin inji tun yana tasha.

Rana ta uku ruwa ya kwanta, saura ɗan lilo na digiri huɗu zuwa biyar. Muka kashe inji da asuba muka fara. Notunan murfin silinda ba da sufana ake kwancesu ba, da jak na haidurolik ne mai matsin da ya haura bar 1,000, kowa ya matsa gefe lokacin da ake bugawa don in tiyo ya fashe man zai iya huda fata. Muka ɗage murfi, muka kankare dattin saman laina, muka kwance sandar fistin daga ƙasa, sannan aka zo wajen da nake tsoro. Igiya huɗu muka ɗaura, mutum ɗaya a kowace, ni ina riƙe da rimot ɗin ƙugiya, cif yana tsaye yana ƙirga lilon jirgi da hannu, sai ya ga ya daidaita yace ɗaga, in ɗaga taƙi ɗaya, yace tsaya, in tsaya. Kadet ɗinmu, wato ɗalibi mai koyon aiki, yaro ne wannan ce tafiyarsa ta farko, na ga igiyar tana rawa a hannunsa, nace ƙanena kalli hannun Cif kawai kar ka kalli fistin. Zafin wajen ya kai digiri 45, gumi yana shiga ido ba damar sharewa. Da ƙarfen nan ya zauna a mazauninsa babu wanda yayi magana, makanikinmu ne kawai ya dafa kafaɗar yaron.

Muka auna laina da ma'auni daga sama zuwa ƙasa na tura musu lambobin. Ƙa'ida dai laina tana iya cinyewa tsakanin kashi 0.4 zuwa 0.8 cikin ɗari na faɗinta kafin a ce ta gama aiki, tamu bata kai iyaka ba amma saurin da ta ci daga awon baya shine abin tsoro, don laina mai lafiya bata cin fiye da milimita 0.1 a awa 1,000. Dattijon ya dawo duti a lokacin, kuma anan ya yi abinda yasa nake rubuta wannan dogon bayanin. Mu burinmu mu goge laina da dutse, mu saka sabon fistin da ringi mu kama hanya. Shi kuma ya ƙi barin maganar, yace Sakan ringi baya karyewa haka kawai, in baku gano dalili ba sauran biyar ɗin suna hanya. Ya sa na koma na leƙa sauran silindu, duk da alamar zane ƙanana. Ya ce in turo masa sakamakon gwajin man da muka sha a tashar baya, da zafin da mai yake shiga injin tacewa.

Ashe nan gizo yake saƙar. Man jirgi mai nauyi yana zuwa da wasu ƙananan ƙwayoyi na alminiyam da silikon, ragowar sinadarin da matatun mai suke amfani dashi, ido baya ganinsu amma taurinsu ya kusa na dutsen wasa wuƙa. Ma'aunin ingancin man jirgi na ISO 8217 ya yarda a sayar da mai mai ɗauke da har miligiram 60 a kilo, masu ƙera inji kuma suna son kar ya wuce 15 lokacin da zai shiga inji, aikin furifaya ne, wato injin tacewar nan, ta cire bambancin. Namu man bai karya doka ba amma yana kusa da iyaka. Furifaya kuma tana buƙatar man ya kai zafin da aka tsara masa, ga mai nauyi digiri 98, namu yana shiga da ƙasa da haka sosai saboda bawul ɗin tururin hita ya maƙale rabi, agogon dake kwanturol rum kuma yana nuna lafiya lau, sai da na je da ma'aunin hannu na ɗora a bututun na ga gaskiya. Ga kuma tangaɗin da muka sha a kwanakin farko ya girgiza tanki ya taso da duk laka da ta kwanta a ƙasa shekara da shekaru. Wannan ɓangarena ne, furifaya a ƙarƙashin kulawata take, ya kamata ace na auna da hannu tuntuni, kuma har yau abin yana damuna. Mutumin bai ɗora min laifi a gaban ofis ba, bai kuma ɓoye ba, ya rubuta abinda ya faru yadda ya faru. Muka gyara bawul, muka rage yawan man da ke wucewa, muka kunna furifaya biyu a tare, muka dinga zubar da ƙasan tankuna kowane duti.

Awa goma sha tara aikin ya ɗaukemu daga kashe inji zuwa tayarwa. Dattijon ya turo mana jadawalin yadda zamu ƙara wa inji lodi a hankali da ƙarin man silinda har sabbin ringin su zauna, muka bishi sau da ƙafa. Basu yi mana tallan kaya ba sai abinda muke buƙata, ringi saiti biyu don maye gurbin sifeya da laina ɗaya, kuma sun haɗa kai da ofis aka kawo mana su da ƙaramin kwalekwale a wajen Kef Tawun ba tare da mun shiga tasha ba. Rahoton ƙarshe da suka rubuta shi aka miƙa wa sufeton kamfanin dake tantance lafiyar jirgin, ya karɓa ba tare da ja-in-ja ba. Rahoton dai yana cike da kalmomin kare kai irin na lauyoyi, shawara ce kawai, hukunci na cif ne, wannan kam na fahimta, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo kuma basu taɓa nuna sun fi mu sanin jirginmu ba.

Game da tsoron da wasu ke yi na cewa ofis zai sa ido, eh kowane saƙo da kwafin ofis a ciki, babu abinda zaka faɗa musu ya tsaya tsakaninku. Amma a wajenmu hakan ya taimaka, don da injiniyan tudu ya rubuta baƙi da fari cewa kar a ɗaga fistin cikin wannan ruwan, saƙonnin yaushe zaku tashi suka tsaya cak, cif ya samu sararin yin abinda dama shi yake ganin daidai ne.

In zan bada maki, huɗu cikin biyar. Ɗayan na cire shi ne saboda minti hamsin ɗin farko da kuma canjin dutin da ba'a karanta tikiti. Duk wanda jirginsa yake da rijista dasu, dan Allah tun yau ya rubuta lambar wayar gaggawa da lambar inji da ta kwantiragi a takarda ya manna a bangon kwanturol rum kusa da waya, ya kuma nemi su turo masa lissafin gudun inji da silinda ɗaya a kashe ya buga ya ajiye a fayil. Ni a jirgin da na hau bayan wancan, ranar da na karɓi aiki na manna tawa, washegari kuma na ɗauki ma'aunin hannu na sauka wajen furifaya.